Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Shugaban Ƙasar Siri Lanka Kan Makomar Birin Rilawa

Zuwa ga Mai Girma Anura Kumara Dissanayake,
Shugaban Ƙasar Siri Lanka,
Kolombo.

Ranka ya daɗe,



Wannan takarda daga ƙasar Hausa ta fito, can yammacin Afirka. Tsibirinku ba baƙo ba ne a kunnuwanmu. Malamanmu sun san shi da sunan Sarandib, sun karanta labarin yadda Ibn Baɗuɗa ya hau dutsen da ake dangantawa da sawun Annabi Adamu a 1344, talakanmu kuwa ya san shi ta ganyen shayin da yake karya kumallo da shi. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne ɗan jan birin nan da kuke kira rilawa, wanda masana suka raɗa wa Macaca sinica. Duk faɗin duniya babu dajin da yake zaune sai naku. Tun 2008 ƙungiyar IUCN mai lura da halittun duniya ta sa shi cikin jerin dabbobin da ke fuskantar barazanar ƙarewa, ta kuma sake tabbatar da hakan a 2020. Amma a cikin gida, sunansa na cikin jerin maɓarnata. Roƙona gare ka guda ne: kada a yanke wa wannan dabba hukunci bisa lissafin da bai tsaya da ƙafafunsa ba, kuma kada a bar manomi shi kaɗai da bindiga a matsayin maganin matsalar da ba shi ya haddasa ba.

Bari in fara da manomin, domin haƙƙinsa ne a fara da shi. A gidan noma na tashi, a ƙasar da ake tura yara gona tun da asuba su yi ta kaɗa gwangwani suna korar birai idan masara ta fara goyo. Duk wanda ya taɓa ganin abin da garken birai ke yi wa gona cikin rabin awa ba zai raina kukan mai kwakwa a Kurunegala ko mai ayaba a Kegalle ba. Biri ba ya tsayawa ga abin da zai ci. Zai tsinke ɗanya, ya gatsa, ya yar, ya kama wata. Cibiyar binciken noma ta Hector Kobbekaduwa ta ƙiyasta cewa a watanni 6 na farkon 2022 namun daji sun lalata kwakwa miliyan 93, birai da manyan kurege na kan gaba, a ƙasar da take noma kusan biliyan 3 a shekara, wadda kuma ba a ɗora tukunya a gidajenta sai da kwakwa. Wannan asara ta faɗo ne a kan mutanen da ba su gama farfaɗowa ba daga hana shigo da takin zamani da aka yi a Afrilun 2021, da durƙushewar tattalin arziki ta 2022. Mutumin da ya ci bashi ya yi shuka, ya kwana a rumfar gadi yana tsoron giwa, gari ya waye birai suka ɗasa, yana da dalilin fushi. Kai ma ka san haka fiye da ni, tunda a Thambuttegama ka tashi, cikin manoman shinkafa, ka kuma riƙe ma'aikatar noma da filaye da ban ruwa daga 2004 zuwa 2005.

To amma fushi ba ya ƙirga dabba. Ranka ya daɗe, ka yi mini haƙuri in ɗan tsaya a kan halittar wannan biri, domin a cikin rayuwarsa amsar take.

Dangin birai da ake kira makak sun haura iri 20, dukkansu a Asiya suke in ban da guda ɗaya da ke tsaunukan Maroko da Aljeriya. Rilawa shi ne ƙaraminsu. Namiji yakan kai kilo 5 ko 6, mace wajen kilo 3. Wutsiyarsa ta fi jikinsa tsawo, gashin kansa kuma ya baje daga tsakiya kamar an kifa masa hula. Fuskar mace takan yi ja yayin da take girma. Yana da jaka a kowane kunci, inda yake cusa 'ya'yan itace da gaggawa ya koma inda babu haɗari ya tauna a tsanake. Wannan ɗabi'a ita ce ta mai da shi mai shuka daji, domin ƙwallon da ya ɗauko daga gindin wata bishiya can nesa yake tofar da shi. Abincinsa 'ya'yan itace ne irin su ɓaure da tsamiya, da furanni, da tohon ganye, da ƙwari. A yankin da ake fari ba ya nisa da ruwa. Damisa da mesa da kada suna cin sa, yanzu kuma ga karnuka da motoci da wayar lantarki.

Zamansu zaman dangi ne ta wajen uwa. Mace a garken da aka haife ta take mutuwa, tare da uwarta da 'yan'uwanta mata, kuma matsayin uwa shi 'ya take gada. Namiji kuwa da ya balaga sai ya bar gida ya nemi shiga wani garke, tafiyar da da yawansu ba sa tsira daga gare ta. Mace ba ta fara haihuwa sai ta kai shekara 5 ko 6. Cikinta wata 5 da rabi, ɗa guda take haifa, kuma ba kowace shekara ba.

Ba a littafin baƙi aka samo wannan ilimi ba, a ƙasarku aka tattara shi. A 1968, shekarar da aka haife ka, Dakta Wolfgang Dittus na cibiyar Smithsonian ta Amurka ya fara bin garkunan rilawa a kufan tsohon birnin Polonnaruwa, kuma aikin bai tsaya ba. Shi da abokan aikinsa 'yan Siri Lanka sun san dubban birai ɗaya bayan ɗaya, sun san uwar kowane da ranar haihuwarsa da abin da ya kashe shi. Kaɗan ne cikin binciken namun daji a duniya suka yi irin wannan tsawon rai. Abin da suka gano yana da nauyi ƙwarai. A dajin da mutum bai taɓa ba, cikin jarirai 10 da aka haifa, 1 ko 2 ne kawai ke kaiwa girma. Yunwa ce ke tace su. Babba yakan ture ƙarami daga reshe mai 'ya'ya, har yakan buɗe bakin na ƙasa da shi ya kwashe abin da ya tara a kunci. Saboda haka garken daji yakan shekara da shekaru yawansa bai ƙaru ba bai ragu ba. Iyakar abincin da daji ya bayar, iyakar biran da za su rayu. Amma garkunan da suka sami hanyar juji, ko bayan otal, ko harabar wurin ibada inda masu ziyara ke zubar da shinkafa da 'ya'yan itace, sai aka ga suna ninkuwa. Matan suna haihuwa da wuri, jariran da da yunwa za ta ɗauke suna rayuwa, garke ya cika ya rabu biyu, sabon ya nufi gonar da ta fi kusa.

Ma'anar wannan a fili take. Biran da suka addabi ƙauyuka da garuruwa, mutane ne suka yi kiwonsu ba da niyya ba. Kuma yawansu a bakin hanya ba ya nuna yawansu a ƙasa. Idan rijiyoyin gari suka ƙafe saura ɗaya, wanda ya ga cincirindo a bakinta zai rantse mutanen garin sun ƙaru, alhali wataƙila rabinsu sun yi ƙaura.

Ga yadda rijiyoyin rilawa suka ƙafe. Turawan Ingila sun sare dazuzzukan tsaunukan tsakiya a ƙarni na 19 don noman kofi. Da cuta ta cinye kofin daga 1869, sai shayi ya gaje filin, ya ƙara faɗi. Roba da kwakwa suka cinye dajin kudu maso yamma mai yawan ruwa, har abin da ya rage ya zama tsibirai a cikin tsibiri, irin su Sinharaja. Bayan 1977 aikin kogin Mahaweli ya zo da madatsun ruwa da sabbin matsugunai, aka share daji mai yawa a yankin fari. A 1956 daji ya rufe kashi 44 cikin 100 na ƙasarku. Yau bai kai kashi 30 ba, kuma wanda ya rage a yayyanke yake. Ba na cewa laifi ne a yi gona ko a gina madatsa. Mutum miliyan 22 sai sun ci abinci. Ina cewa ne wanda aka rushe wa gida dole a gan shi a waje.

Rilawa ma ba iri ɗaya ba ne. Kashi uku ne: na yankin fari a arewa da gabas, na yankin damina a kudu maso yamma, da na kan tsaunuka mai kaurin gashi wanda ke zaune wajajen Horton Plains. Ƙiyasin da Dittus ya yi a 1977 ya ba da kusan 600,000 gaba ɗaya, amma na tsaunin wajen 1,500 ne kacal. Duk wata doka ko sanarwa da ta ce "biri" kawai, ba ta bambance ba, tana iya shafe wannan na ukun ba tare da kowa ya lura ba.

Yanzu ga maganar lissafi, wadda ita ce ta fi damuna. A 2023 ma'aikatar noma ta riƙa cewa rilawa sun kai miliyan 3. Masanan da suka ƙarar da rayuwarsu a kansa suka ce dajin da ya ɗauki 600,000 a 1977 ya ragu sosai, saboda haka adadin na yanzu ƙasa da wancan ne. Gwamnatinka ta ga ya kamata a ƙirga, kuma wannan niyya abin yabo ce. Ranar 15 ga Maris 2025, daga ƙarfe 8:00 zuwa 8:05 na safe, aka ce kowane mai gona da mai gida ya fito ya rubuta birai da ɗawisu da kuregen da ya gani a filinsa. Da sakamako ya fito, sai aka ji rilawa sun haura miliyan 5.

Ranka ya daɗe, kai ɗalibin kimiyya ne, a Jami'ar Kelaniya ka yi digirinka. Ka ɗauki alƙalami ka raba da kanka. Faɗin Siri Lanka murabba'in kilomita 65,610 ne. Miliyan 5 na nufin biri sama da 75 a kowane murabba'in kilomita, har da tsakiyar Kolombo, da tafkuna, da fadamun shinkafa, da gonakin shayi inda babu abin da biri zai ci. Wannan ba ya shiga hankali. Dalilin kuskuren ma ba ɓoyayye ba ne. Garke ɗaya yana ratsa gonaki da dama cikin minti 5, kowane mai gona ya rubuta shi. Biri ba ya tsayawa a ƙirga shi. Sannan mutumin da aka ci wa amfani, wanda yake fatan a kawo masa ɗauki, shi aka ba takarda ya rubuta yawan wanda ya cuce shi; ko ni ne zan cika hannu. Jami'anka da kansu sun yarda cewa alƙaluman wasu yankuna sun wuce misali. Abin da wannan aiki ya auna shi ne zafin da manoma ke ji, da kuma wuraren da zafin ya fi tsanani. Wannan bayani ne mai amfani, a riƙe shi a matsayinsa. Amma idan aka bar wannan adadi ya zauna a takardun gwamnati da sunan yawan rilawa, gobe wani zai tashi a majalisa ya ce kashe miliyan 1 ba komai ba ne, tunda saura 4. Alhali wataƙila abin da ya ambata ya fi duk waɗanda ke raye.

Mun riga mun ga inda irin wannan lissafi ke kaiwa. A Afrilun 2023 ministan noma na wancan lokaci, Mahinda Amaraweera, ya bayyana cewa ana duba buƙatar tura rilawa 100,000 zuwa ƙasar Sin, wai don gidajen namun daji 1,000. Kowane gida biri 100 ke nan. Wane gidan namun daji ne ke neman biri 100 iri ɗaya? Ofishin jakadancin Sin a Kolombo ya fito ya ce hukumar da ke kula da namun daji a ƙasarsu ba ta san da maganar ba. Ashe wani kamfani ne mai zaman kansa. Mutane suka yi zargin ɗakunan gwajin magunguna za a kai su, kuma zargin yana da tushe, domin tun da Sin ta dakatar da fitar da biran gwaji a 2020 farashinsu ya ninka sau da yawa a kasuwar duniya, har ɗan'uwan rilawa mai doguwar wutsiya na kudu maso gabashin Asiya ya shiga jerin masu fuskantar ƙarewa a 2022. Ƙungiyoyin kare muhalli, ciki har da tsohuwar ƙungiyarku ta kare namun daji da aka kafa tun 1894, suka garzaya Kotun Ɗaukaka Ƙara. A Yunin 2023 hukumar namun daji ta yi wa kotu alkawarin ba za a fitar da su ba. Alkawarin gaban kotu abu ne mai kyau, sai dai an yi shi ne a kan buƙata guda. Ƙasar da ake bin ta bashi kullum tana da mai zuwa da tayi, kuma wani tayin zai sake zuwa.

A Disambar 2024 ministan nomanka, K. D. Lalkantha, ya faɗa a majalisa cewa babu dokar da ta hana manomi ɗaukar matakin da ya ga dama a kan dabbar da ta shigo masa gona. Game da rilawa, maganarsa ba ta yi nisa da abin da ke rubuce ba. Dokar kare dabbobi da tsirrai ta 1937, da gyare-gyarenta, ta sa rilawar da manomi ke gani cikin dabbobin da ba su da kariya, layi ɗaya da aladen daji da beguwa. Aladen daji yana nan daga Turai har Japan, yana kuma zuba 'ya'ya da yawa a ciki ɗaya. Rilawa ɗa guda, a tsibiri guda. Haɗa su a layi ɗaya kuskure ne da ya daɗe yana jiran mai gyara.

Kuma bindiga ba ta ma biya wa manomi buƙata. An raba bindigogin iska, an sa guba, an ɗana tarko, ɓarna ba ta ragu ba. Idan aka harbe manyan garke, sauran sukan watse su zama ƙananan ƙungiyoyi masu wuyar kora. Idan aka share garke gaba ɗaya alhali jujin da ya jawo shi yana nan, wani garken zai gaje wurin kafin shekara. Kamawa a kai wani daji ma an gwada. Biran da suka saba da abincin mutane ba su san dajin da aka zubar da su ba, masu wurin kuma ba sa karɓar baƙi, sai su mutu ko su faɗa wa ƙauyen da ya fi kusa, matsalar wani gari ta koma ta wani. Shi ya sa shawarar da aka kawo ta tara su a wani tsibiri cikin tafkin Randenigala take ba ni tsoro. Wa zai ciyar da su shekara 20? Aikin hana haihuwa da likitocin dabbobi na Jami'ar Peradeniya suka fara gwadawa, wanda aka kai gundumar Matale a ƙarshen 2024, ya fi waɗannan tausayi da hankali. Yana da amfani ga garken da ya maƙale a cikin gari ko wurin ibada. Amma aiki ne mai tsada, mai tafiyar hawainiya, kuma birin da aka yi wa aiki yau zai ci kwakwa gobe. Ya kamata a faɗa wa manoma wannan gaskiya tun yanzu, kada su sa rai da abin da ba zai zo da wuri ba.

Ranar 9 ga Fabrairun 2025 wuta ta ɗauke a duk ƙasarku, ministan makamashi ya ce biri ne ya taɓa taransifoma a Panadura. Labarin ya zaga duniya. Daga baya injiniyoyi suka bayyana cewa layin wutar ne ba shi da ƙarfin jure girgiza a ranar Lahadi, lokacin da masana'antu ke rufe kuma wutar sola ta yi yawa. Mu a nan mukan ce an bar jaki ana dukan taiki. Ina tsoron kada a yi haka a maganar noma. Tsadar kwakwa tana da iyaye da yawa: fari, da ƙarancin taki, da cututtukan bishiya, da yanka gonakin kwakwa ana sayarwa fuloti-fuloti. Biri yana cikinsu, amma shi kaɗai ne ba shi da bakin kare kansa.

Abin da nake roƙo ba ya buƙatar rancen waje. Ranar 1 ga Janairun 2025 ka ƙaddamar da shirin tsabtace Siri Lanka da hannunka. Ka sa maganar birai a cikinsa. Kowace ƙaramar hukuma ta rufe jujinta, ta samar da mazubin shara mai murfin da biri ba zai iya buɗewa ba, a kasuwa da makaranta da tashar mota da otal. A hana ciyar da birai a bakin hanya da wuraren yawon buɗe ido, a sa tara, a kuma karɓe ta. Wuraren ibada su ne masu wuya, domin mai miƙa wa biri ayaba a Dambulla ko Kataragama yana ganin alheri yake yi. Wannan sai an bi ta hannun shugabannin addini, su ne za su iya fahimtar da mabiyansu cewa wannan ciyarwar ce take kai birin ga bakin bindiga. Amfanin rufe juji bai tsaya ga birai ba. Duniya ta ga hotunan giwayenku suna kiwo a jujin Pallakkadu da ke Ampara, ta kuma ji yadda ake buɗe cikin waɗanda suka mutu a tarar da leda.

Sai ƙidaya ta gaskiya. Kana da masana a Peradeniya da Kolombo da Sri Jayewardenepura, kana da hukumar namun daji, kana da bayanan Polonnaruwa na fiye da shekara 50. A ba su kuɗi da lokaci, su bi hanyoyin da aka sani na ƙirga birai garke-garke, yanki-yanki, kowane iri daban. A buga sakamakon kowa ya gani. Kafin nan, gwamnati ta fito fili ta ce adadin Maris 2025 ba za a gina wata doka ko wani ciniki a kansa ba.

Jam'iyyarka tana da kujeru 159 cikin 225 a majalisa. Shugabanni kaɗan ne a tarihin ƙasarku suka sami irin wannan dama. Gyaran layi ɗaya a dokar 1937 ba zai gagare ka ba: a fitar da rilawa daga jerin marasa kariya, a haramta fataucinsa zuwa waje da sa masa guba, a bar wa hukumar namun daji ikon ɗaukar mataki a kan garken da ya tabbata ya gagara, bisa hujja da rubutu. Haka kuma ka sake duba takardar umarnin Nuwambar 2020 da ta cire ɗaruruwan dubban hekta na ƙananan dazuzzukan gwamnati daga hannun hukumar gandun daji ta miƙa wa jami'an gundumomi. Waɗannan guntayen dazuzzuka su ne hanyoyin da samarin birai ke bi daga garke zuwa garke, su ne kuma katangar da ke tsakanin dabba da gona. Duk wanda aka sare, gonar da ke bayansa ce za ta biya.

Manomi kuwa kada a sallame shi da wa'azi. Idan ƙasa ta ce wannan dabba dukiyar kowa ce, to bai kamata mutum ɗaya ya riƙa ciyar da ita daga aljihunsa ba. A sa ɓarnar birai cikin inshorar amfanin gona, a riƙa biya cikin lokaci. A taimaka wa ƙauyuka su ɗauki masu gadi na haɗin gwiwa, domin har yau babu abin da ya kai mutum a tsaye da kare a gefensa korar biri, kuma gadin gonaki 20 a haɗe ya fi sauƙi a kan kowa ya kwana a tasa. A tallafa da raga da waya mai lantarki ga masu kayan lambu, a datse rassan da ke haɗa daji da gona. Masu yawon buɗe ido da ke biyan dala su shiga Polonnaruwa da Sigiriya, da yawansu biran nan suke ɗauka hoto. Kamfanin Disney ma a Polonnaruwa ya ɗauki fim ɗinsa na birai da ya fito a 2015. Wani kaso na wannan kuɗin shiga ya dace ya koma ga ƙauyukan da ke maƙwabtaka da su.

Ba daga waje za a koya muku wannan ba. Tarihinku ya riƙe cewa a Mihintale, kusa da inda ka tashi, malamin addinin Buddha, Mahinda, ya tare Sarki Devanampiya Tissa yana tsakiyar farauta, a ƙarni na 3 kafin haihuwar Annabi Isa, kuma tun daga nan ake ƙirga wurin cikin tsofaffin wuraren da aka hana taɓa dabba a duniya. Sarki Nissanka Malla, wanda ya yi mulki a Polonnaruwa a ƙarni na 12, ya sa an sassaƙa a dutse cewa kada a kashe dabba a kewayen Anuradhapura. Waɗannan sarakuna ma manoma suke mulka, su ne kuma suka haƙa tafkunan da ake ban ruwa da su har yau. Ba su ga saɓani tsakanin cika rumbu da barin dabba ta rayu ba.

Mu a ƙasar Hausa mun san yadda ƙarewar dabba take. Kakanninmu sun ba da labarin zaki da giwa da raƙumin dawa a dazuzzukan da yau ko kurege sai an yi sa'a. Babu wanda ya yanke shawarar a ƙarar da su, kowa dai yana ganin suna da yawa. Mu muna da sauran dama, domin irinsu na nan a wasu ƙasashe. Ku ba ku da wannan dama game da rilawa.

Saboda haka nake roƙonka, ranka ya daɗe, ka ba da umarnin ƙidaya ta masana, ka kai gyaran dokar majalisa tun kana da rinjaye, ka sa a rufe juji, ka kuma sa a biya manomin da aka ci wa gona. Allah ya yi maka jagora, ya ba ƙasarka zaman lafiya da damina mai albarka.

Naka mai fatan alheri,
Wani ɗan manoma daga ƙasar Hausa.